Tifa ta kashe yayana, mai motar ya ce inshorarsa ba ta wuce miliyan 5 ba, ina mafita?

Auwal_TukurTukur:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman wajen masu ilimin shari'a da malamanmu na gidan nan. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya Allah ya yi masa rasuwa watan jiya, tifar yashi ce ta bi ta kansa yana kan mashin ɗinsa wajen Kwangila, ya taso daga shagonsa na ɗinki a Samaru zai koma gida. Ya bar mata ɗaya da yara huɗu, maza biyu mata biyu, babbar tana ƙaramar sakandare, autan ko yaye shi ba a yi ba, ga kuma Hajiyarmu da shi ke riƙe da ita tun rasuwar Baba. An kama direban an ba da belinsa. Mai tifar ya zo gaisuwa ranar uku har da buhun shinkafa, gaskiya bai yi mana girman kai ba. To bayan sadakar bakwai sai ya turo wakili wai inshorar motar irin ƙaramar nan ce ta dole, iyakar abin da kamfani ke biya miliyan 5 ne ko da mun je kotu, kuma kafin ta fito sai mun gaji da zirga-zirga, don haka shi zai ba mu miliyan ɗaya da rabi a hannu mu sa hannu a takarda cewa magana ta wuce. Kawunmu ya ce a karɓa ko ma a yafe gaba ɗaya tunda ƙaddara ce. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya saboda yaran nan. Shin da gaske ne ba a wuce abin da ke cikin inshora?

Ummu_Hanifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Sani_Palladan:
Allah ya gafarta masa. Ɗan uwa ku bi maganar kawu kawai, kwana ne ya ƙare. Wa ya taɓa cin riba da kotu a ƙasar nan? Ku karɓi abin da ya samu ku bar wa Allah sauran.

Barista_Kongo:
Allah ya jiƙan rai, Malam Auwal. Abu na farko: kada kowa ya sa hannu a kan komai tukuna, ko da an ce takardar shaida ce kawai.

Wakilin nan ko dai bai sani ba ko ya sani ya juya zancen. Miliyan 5 ɗin gaskiya ce amma ba ta rai ba ce. Tun watan Janairun 2023 NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, ta sauya farashin inshorar dole: ƙaramar mota ta gida ta tashi daga 5,000 zuwa 15,000 a shekara, iyakar biyanta miliyan 3; manyan motocin ɗaukar kaya suna biyan 100,000, iyaka miliyan 5; Keke Napep 5,000 iyaka miliyan 2; mashin 3,000 iyaka miliyan 1. Duk waɗannan iyakokin na ɓarnar DUKIYA ne, wato ka daki motar wani ko ka rushe masa katanga ko shago. Mashin ɗin marigayi da aka murƙushe shi ne ke shiga cikin wannan lissafi. Amma rauni a jiki ko rasa rai, wannan inshorar ba ta da wani adadi da aka yanke aka ce nan ne ƙarshe, abin da aka daidaita a kai ne ko abin da kotu ta yanke.

Na biyu, a ce ma akwai iyakar. Ai ba kamfanin inshora ne ya kashe yayanka ba. Haƙƙinku yana wuyan direba da kuma wanda ya ɗauke shi aiki ya ba shi mota, tunda a bakin aikinsa abin ya faru. Inshora tsakanin mai mota ne da kamfaninsa, ya saya don ta ɗauke masa nauyi. Idan ta gaza, ragowar daga aljihunsa za ta fito, ba wai marayu ne za su yi asara ba.

Auwal_TukurTukur:
@Barista_Kongo Allah ya saka da alheri, wallahi ban taɓa jin wannan bambancin ba. Mu duk mun ɗauka miliyan biyar ɗin nan ita ce ƙarshen zance.

Nura_Inshora:
Barista ya faɗi gaskiya amma bari in ƙara wani abu tunda aikina ke nan. Kafin ku fara lissafin abin da kamfani zai biya, ku tabbatar akwai kamfanin ma tukuna. Takardun inshora da yawa da ke cikin motocin nan na bogi ne, an buga su ne a bakin titi don a nuna wa jami'an hanya a wuce. Ka ɗauki lambar tifar ka danna *565*11# a wayarka ka bi abin da ya ce, ko ka shiga shafin askniid, zai nuna maka ko motar tana cikin rajistar kamfanonin inshora, da wane kamfani, da ranar da ta fara da ranar ƙarewa. Ranar nan ka duba ta da kyau, don wasu sai bayan haɗari suke rugawa su yanki sabuwa. Idan ranar da abin ya faru ba ta da inshora mai rai to babu kamfanin da zai saurare ku, tsakaninku da Alhaji mai tifar ne.

Kuma tambayar da zan so ka yi wa wakilin: shin sun ma sanar da kamfanin cewa an yi haɗari? Galibi ba sa sanarwa.

Dan_Gyallesu:
Ni abin da ke ɗaure min kai, in dai inshorar gaske ce me zai sa mutum ya cire miliyan ɗaya da rabi daga aljihunsa alhali kamfani zai iya biya masa? Akwai lauje cikin naɗi.

Malam_Shu'aibu:
Allah ya jiƙansa da rahama. Ina so in taɓa maganar kawu da ta Malam Sani, don a nan ne mutanenmu suke yawan kuskure da kyakkyawar niyya. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai musu. Amma Allahn da ya ƙaddara shi ne ya saukar da aya ta 92 a Suratun Nisa'i, ya ce wanda ya kashe mumini bisa kuskure akwai kaffara a kansa da diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai dai in su suka yi sadaka da ita. Karɓar diyya ba rashin tawakkali ba ne, kuma ba "cin kuɗin jini" ba ne kamar yadda ake gori.

To su wane ne iyalan? Diyya gado ce, ana raba ta yadda ake raba gado. A bayanin da ka yi, mahaifiya tana da sudusi, matar tana da sumuni, abin da ya rage duk na yara ne, namiji rabon mata biyu. In ka kasa dukiyar kashi 24, Hajiya 4, matar 3, yara 17. Kai Auwal ba ka da ko kwabo tunda akwai 'ya'ya maza, kawu kuwa balle. Saboda haka kawu ba shi da abin da zai yafe. Hajiya tana iya yafe nata, matar tana iya yafe nata, amma rabon yaran da ba su balaga ba babu waliyyin da aka ba ikon ya kyautar da shi, dukiyar maraya ce. Ana iya yin sulhu a kan abin da ya fi musu maslaha idan an ga cikakkiyar ba za ta samu ba, wannan daban, amma a ce "mun yafe" don a ji daɗin surutun mutane a wajen zaman makoki, wannan ba kyauta ba ce da kayanka.

Sani_Palladan:
Allah gafarta Malam na ji kuma na karɓa. Amma diyyar nan nawa ce yanzu? Wa zai iya?

Malam_Shu'aibu:
Raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari ɗaya giram 4.25 ne, ka ga kilo huɗu da kwata ke nan na zinare, a kuɗin yau ɗaruruwan miliyoyi ne. Shi ya sa tun asali shari'a ba ta ɗora wa mutum ɗaya ba, ta ɗora wa aƙila, wato danginsa na wajen uba, su biya a hankali cikin shekara 3. Shi kuma direban kaffarar azumin wata biyu a jere tana kansa ko an yafe diyya ko ba a yafe ba, wannan haƙƙin Allah ne. Ban ce sai an ƙwato cikakkiya ba, na faɗa ne don a san nisan da ke tsakaninta da miliyan ɗaya da rabi.

Direban_Tifa_Zariya:
Ni sana'ata ce wannan, bari in faɗi namu ɓangaren ko da za a zage ni. Kuna ganin an ce "mai tifa" sai ku ɗauka wani hamshaƙi ne. Da yawa wallahi mota ɗaya ce gare su, tsohuwa, ita ma da bashi aka haɗa ta, kullum tana wajen makanike, ga tsadar man dizal ga taya ɗaya yanzu sai ka riƙe baki. In kuka kai shi kotu motar za ta yi ta zama a caji ofis tayoyi su sace, direba ya rasa aiki, shi ya rasa abin biyan ku, lauyoyi su ci nasu. Mutumin nan ya zo gaisuwa da ƙafarsa, wasu ko leƙe ba sa yi. Ku zauna da shi da shugabannin ƙungiya a ƙara wani abu a rufa wa juna asiri.

Hauwa_Hanwa:
Rufin asirin wa? Kai kana tausayin taya, mu muna maganar yaro da ko yaye shi ba a yi ba.

Direban_Tifa_Zariya:
Hajiya ban ce kar a biya ba fa. Cewa na yi wanda aka matse har ya karye ba ya biyan komai.

Dan_Gyallesu:
Ku dai ku faɗi gaskiya, rabin masu jan tifar nan da yamma ba direbobin ba ne, yaran mota ne. Oga ya gaji ya miƙa wa yaro makulli ya ce je ka yi sawu biyu. Ku tsaya a Kwangila ko hanyar Shika bayan la'asar ku gani, yaro ko gemu babu yana gudu da yashi cike ba tamfol, burki sai an taka sau uku.

Abba_Danmagaji:
Ga 'yan mashin su ma ba sa jin magana, su kutsa ta hannun da direba ba ya gani. Ba marigayi nake nufi ba Allah ya jiƙansa. Amma hanyar nan tun da aka gyara ta kowa gudu yake kamar an biyo shi.

Admin_Zazzau:
Jama'a a dawo kan tambayar bawan Allah, maganar tuƙin ganganci a buɗe mata nata zaren.

Maman_Khalifa:
Ni abin ya faru da ni, shi ya sa tun ɗazu nake karantawa na kasa rubutu. Maigidana motar haya ce ta kaɗe shi shekarun baya. Ina cikin takaba, ko ƙofar gida ba na fita, maza suka zauna a zaure suka gama komai, ni dai sai ji na yi an ce an sasanta. Aka kawo min wani abu a ambulan aka ce ga na yara, sauran wai an yi hidimar makoki an biya bashi. Ban san nawa aka bayar ba har yau. Kafin shekara ta zagayo babu ko sisi, na cire babban daga makarantar kuɗi, na koma sayar da awara da ƙosai. Waɗanda suka ce "mun yafe saboda Allah" babu wanda ya taɓa zuwa ya tambayi kuɗin makaranta.

Auwal don girman Allah ka shiga wajen matar yayanka ka gaya mata duk abin da ake ciki, tana takaba ne ba hankalinta ne ya gushe ba. Kuma duk abin da aka samu kar a ba kowa ajiya a hannu, a saya wa yaran abin da ba ya narkewa, fili ko shago, da sunansu a takarda da shaidu.

Ummu_Hanifa:
Allah sarki Maman Khalifa, Allah ya dafa miki. Wannan ita ce maganar.

Auwal_TukurTukur:
Na gode Anti. Gaskiya har yanzu ba wanda ya tambaye ta, ni ma kunya ce ta hana ni. Zan sa Hajiya ta shiga da ni.

Ibro_Sabongari:
Ni ina da ja a kan masu cewa a tafi kotu kamar abu ne mai sauƙi. Ɗan ƙanwar babata aka kaɗe, muka shigar da ƙara, yau a ɗage gobe alƙali ya tafi taro jibi lauyan wancan ɓangaren ba shi da lafiya, shekaru aka kwashe. Ƙarshe muka yi nasara, hukunci mai kyau a takarda. Da aka zo karɓa sai aka tarar mutumin ya sayar da motar tuntuni, gidan da yake ciki sunan matarsa ne, asusun banki ba komai. Abin da muka samu bai kai abin da ya yi mana tayi tun farko ba in ka cire kuɗin mota da na lauya. Cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban.

Barista_Kongo:
@Ibro_Sabongari ban musa ba, wannan yana faruwa, shi ya sa lauyan kirki kafin ya rubuta ko layi ɗaya sai ya binciki wa ke da abin biya. Sunan wa ke kan takardun motar? Tifa nawa gare shi? Wa yake kai wa yashin ranar, shi ke sayarwa ko wani ɗan kwangila ne ya ɗauki motar da direban suna masa aiki? Wani lokaci mai nauyin biya ba shi ne wanda ya zo gaisuwa ba. Kuma ni ban ce a ƙi sulhu ba, yawancin irin wannan da sulhu ake ƙarewa. Bambancin shi ne sulhun wanda ya san haƙƙinsa da na wanda aka tsorata. Ana iya cewa kamfani ya biya nasa, Alhaji ya cika nasa kashi-kashi ko ya ba da fili, a rubuta a kai gaban alƙali ya zama hukunci, yadda in ya saɓa za a iya kama dukiyarsa.

Abubuwan da za ku tattara tun yanzu: rahoton 'yan sanda da zanen wurin haɗari, rahoton jami'an duba mota in sun duba, takardar shaidar mutuwa daga asibiti, hoton takardun tifar da lasin direban, hoton mashin ɗin, da lambobin waɗanda suka gani da idonsu kafin su watse. Sai kuma abin da mutane ke mantawa: shaidar abin da marigayi ke samu. Babbar kotu tana auna abin da iyali suka rasa ne, nawa yake kashe musu a wata, shekarunsa nawa, da shekarun da ake sa ran zai ci gaba da ciyar da su. Littafin shago, alat na banki, rasit ɗin makaranta da na haya, duk ku adana. Tela ba shi da takardar albashi, waɗannan su ne takardarsa.

Kuma kar a bari sai bayan takaba sai bayan Sallah. Irin wannan ƙara tana da wa'adi, in ya wuce ta mutu. Idan an shigar kuma dole a sanar da kamfanin inshorar a rubuce nan take, in ba haka ba sai su ce ba su san da zancen ba.

Dan_Gyallesu:
To shari'ar da 'yan sanda suka kai direban fa, ba ita ke nan ba?

Barista_Kongo:
A'a. Waccan ta hukuma ce da direba, ta laifin tuƙi. Alƙali yana iya sa shi ya biya wani abu a ciki amma direban tifa me gare shi? Ta neman diyya daban ce, iyali ke shigarwa. Sai dai ku lura, takardar da ake so ku sa wa hannu galibi harbi biyu ake da ita, a kai ta can a ce iyali sun janye, a kuma toshe muku wannan.

Salafi_Tudunwada:
Ni tambayata ga Malam Shu'aibu, ita inshorar nan ba malamai sun ce akwai garari, wato rashin tabbas a ciniki, da caca a cikinta ba? Ya za a ciyar da marayu da kuɗinta?

Malam_Shu'aibu:
Maganar malamai a kan wanda ya ƙulla cinikin ne, kuma shi ma wannan ta dole ce hukuma ta tilasta. Marayu ba su ƙulla ciniki da kowa ba, haƙƙinsu suke bi, wanda ake bi ya ce ku karɓa ta hannun wane. Malamai da dama na wannan zamani sun halatta karɓa a haka. Mai son kauce wa shubuha a motarsa ga takaful nan, wato inshorar Musulunci, ya yanka.

Lauya_Mace:
Ƙari kaɗan a kan na Barista. Masu tambaya ko a je kotun shari'ar Musulunci: ana iya zuwa don tabbatar da magada da rabon abin da aka samu, kuma in duka ɓangarorin Musulmi ne ana sulhu a can. Amma in kamfanin inshora zai shigo, babbar kotun jiha ta fi dacewa. Kar kuma ku ɗauka dokar boko ba ta san tsarinmu ba, dokar haɗarin da ya jawo mutuwa ta zamanin Jihar Arewa, ta 1956, ita kanta ta ce in mamaci Musulmi ne masu haƙƙi su ne waɗanda ke da rabo a diyya. In ba ku da kuɗin lauya ku gwada ofishin Legal Aid Council a Kaduna, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tunda akwai bazawara da marayu, ko ku leƙa tsangayar shari'a ta ABU a Kongo ku nemi masu ba da shawara kyauta. In kamfani ya tsaya wasa da hankali kuma ana kai ƙorafi NAICOM.

Sani_Palladan:
Duk na ji amma ni har yanzu ina ganin ran Hajiya ya fi. Tsohuwa ta rasa ɗa, a kuma riƙa jan ta kotu ana tuna mata kullum.

Hauwa_Hanwa:
Ba sai ta je ba ai. Kuma in jikokinta suka rasa abin sawa a baki ranta zai yi daɗi ne?

Auwal_TukurTukur:
Salam. Ga inda aka kwana. Na danna lambar da Nura ya bayar, inshorar ta fito, tana da rai tun kafin haɗarin. Sai dai sunan da ke jiki ba na Alhajin ba ne, sunan wani kamfanin gine-gine ne. Na tambayi wakilin ya ce wai a hannunsu aka sayi motar bara ba a canja takardu ba, da na ce a ba mu hoton takardar ciniki sai ya ce zai kira ni. Mun shiga wajen matar Yaya, ta ce ita ba ta yafe ba kuma ba ta son rigima, a yi abin da ya dace. Hajiya ta ce nata ta bar wa Allah amma kar a taɓa na jikokinta. Kawu ya yi fushi ya ce na mai da shi ƙaramin mutum a gaban baƙi. Da yamma kuma wakilin ya bugo ya ce Alhaji ya ƙara zuwa miliyan biyu da rabi in za a gama kafin Juma'a.

Nura_Inshora:
To fa. In da gaske an sayar da motar ba a sauya inshora ba kamfani zai iya cewa ba su san wannan mai motar ba, su da wancan kamfanin suka ƙulla. In kuma ba a sayar ba, yana musu aiki ne kawai, to labari ya canja gaba ɗaya.

Direban_Tifa_Zariya:
Miliyan biyu da rabi a wannan marrar ba wasa ba ne, ni dai na faɗa.

Barista_Kongo:
Mutumin da ya ƙara miliyan ɗaya don an tambaye shi takarda ɗaya, Juma'a ba za ta kore shi ba. Ka ce masa magada suna shawara. Ka je wajen ɗan sandan da ke riƙe da fayil ɗin ka ga sunan da ke kan sauran takardun motar, ba inshora kaɗai ba, ka kawo wa lauya kafin ku sake zama da kowa.

Maman_Khalifa:
Kawun kuma ka je ka ba shi haƙuri ka tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa, don da shi za ku zauna gobe. Amma haƙuri kawai, ban da sa hannu.

Ibro_Sabongari:
Ka kuma leƙa ka ga tifar tana caji ofis ɗin har yanzu ko an sake ta?